An Ja Ɗakin da Kalicha Apa a Ciki

Ranar da aka yi sadakar shekara ta marigayi Osmonaly, an sace ɗaki a tudun kiwo na Ak-Bulak. Ba tanti ba. Farin ɗaki ne mai taya, wanda Talantbek ya jawo daga Jamus bayan ya bar tuƙin manyan motoci, ya ajiye wa mahaifiyarsa, Kalicha apa, a bakin idon ruwa saboda ƙafafunta sun daina jure sanyin tanti. Mu dai akwatin Jamus muke ce masa.

Kowa yana wurin sadakar, a kwarin da ke bayan tudu, inda aka yanka doki aka kafa tukwane. Bayan la'asar Talantbek ya ɗauki kwanon nama zai kai gida, ya rage wa Toktosun hanya. Toktosun ya haura sittin, kuma ya ƙarar da rayuwarsa yana bin sawun ɓarayin dawaki da na kyarketai. Da suka iso bakin idon ruwan, babu komai sai ciyawar da ta koɗe a inda ɗakin yake tsaye, da matakalar ƙarfe a yashe.

Talantbek ya saki kwanon a ƙasa.

"Baike," ya ce, yadda ake kiran na gaba, "apa tana ciki."

Da tsakar rana kanta ya yi ciwo. Tashi daga sadaka kafin a raba nama abin kunya ne, don haka ya zare ta ta bayan tantuna ya maido ta ba tare da kowa ya sani ba. Ta sha maganin barci, ta cire na'urar da take ji da ita, ya kunna mata abin ɗumama ɗaki, ya koma.

Toktosun ya durƙusa. Sawun takalmin roba ƙanana da ɗigon sanda sun nufi inda ƙofar take. Ba su fito ba.

Ya ɗaga kai ya dubi mashigar dutse. Gajimare ya riga ya rufe ta. Tun jiya rediyo yake cewa dusar ƙanƙara ta farko za ta sauka a daren, kuma idan ta sauka hanyar ba ta sake buɗewa sai bazara.

*

Sawun tayar motar bai taimaka ba. Mai babbar mota ɗaya ne ya sayar wa rabin tudun taya a farkon shekara, zane iri ɗaya.

Toktosun ya tsaya a inda bayan motar ɓarawon ya tsaya. Ya tsinke ciyawa ya sansana.

"Fetur. Ga kuma baƙin gari, kamar an goge fenti. Me mutum zai goge a nan yana cikin sauri?"

Talantbek ya kalli wurin. "Ƙwallon jan ɗaki."

"Yi min bayani a taƙaice."

"Bakin ɗakin nan ba irin na amalankenmu ba ne. A cikinsa akwai fatu da suke cizon ƙwallon ƙarfen da ke bayan mota, don kada ɗakin ya riƙa lilo a kan hanya. Dole ƙwallon ya zama busasshe. Babu maiƙo, babu fenti. Ni da fetur nake wanke nawa, in goge shi da takardar gugar ƙarfe. Ai ka san dariyar da ake yi min."

Ya sani. A nan kowa kitsen jelar tunkiya yake lafta wa ƙwallon motarsa don tsatsa, ya rufe shi da tsohuwar safa ko gwangwani. Sun daɗe suna tambayar Talantbek ko ya yi wa ƙwallonsa alwala yau.

A ɗan gaba Toktosun ya tsinci guntun igiyar gashi, an yanke ta da wuƙa. Ya sa ta a aljihu. Duk wanda ya taɓa ƙaura da amalanke ya san abin da ake yi da igiya kafin a tashi: ana ɗaure ƙofa ta waje don kada ta buɗe a gargada.

Suka bi sawun a mota. A gangaren tsakuwa, inda ko amalanken ciyawa yake rawa, tayoyin ɗakin sun bi bayan na motar a miƙe. A mashigin rafi an rage gudu an shiga a karkace, bayan ɗakin bai taɓa dutse ba. Da suka isa kwalta, taɓon tayoyin ya karkata dama, wajen mashigar, ya yi ta koɗewa har ya ɓace. Akwai kuma sawun motar ita kaɗai tana dawowa, ba nauyi.

A wancan ɓangaren kwaruruwa ne birjik, kowanne da tsofaffin rumbunan tumaki na zamanin gonar gwamnati. Mutum zai kwana uku yana leƙa su.

"Zan kira kowa," in ji Talantbek. "Duk mai mota ya fita nema."

"Kafin su duba kwari biyu duhu ya yi. 'Yan sanda kuma sai gobe za su iso, in sun iso. Mutum ɗaya ne ya san inda take, kuma ya koma wurin sadaka yana cin nama."

"To in je in yi shela cewa uwata ya sace!"

"A'a. Wanda ya saci ƙarfe zai iya amsa laifinsa a gaban dattawa. Wanda ya ji cewa wataƙila ya kashe tsohuwa, idan babu wanda ya san shi ne, zai iya yin shiru har ya mutu. Sai na sa hannu a kafaɗarsa tukuna. Idan an tambaye ka apa, ka ce tana hutawa."

*

Labarin satar ya riga su isa. Wata mata da ta je tatsar goɗiya ta ga wurin babu ɗaki.

Sun tarar an kewaye Ulukbek, mai kiwon zuma. Daga kudu ya zo, shekararsa ta biyu ke nan a tudun, kuma ba shi da dangi a cikinmu. Yana tsaye ya jingina da ƙatuwar jif ɗinsa ta Amurka, leɓensa a fashe.

"Shi ne ya ce a sayar masa da ɗakin!"

"Ina ka je da rana, ɗan kudu?"

"Kafin ka zo ba a taɓa sata a nan ba."

"An taɓa," in ji Toktosun yana kutsawa. "Ni na kamo kawunka da dawakin mutane, ko ka manta?"

Wasu suka yi dariya, da'irar ta ɗan buɗe. Ya nufi Mederbek aksakal, dattijon da ke jagorantar sadakar, ya roƙe shi abu guda: kada mota ta tashi daga wurin, kuma kada a sake taɓa baƙon.

Dattijon ya amince. Sannan ya juya wajen Talantbek. "Ina Kalicha? Ban gan ta ba da ake raba nama."

"Tana hutawa, aksakal."

*

Anarkul ce ke kula da tukwane, kuma murhunta yana fuskantar inda aka jera motoci. Toktosun ya same ta tana kankare allon yanka nama.

"Eje," ya ce, yadda ake kiran babbar mace, "waɗanne motoci ne suka fita da rana?"

"Yanzu na zama mai gadin motoci? Tun safe nake fama da hayaƙi da karnuka."

"Idonki ya fi na mai gadi."

"Bar daɗin baki, tsoho. Talantbek ya fita ya dawo da wuri. Bayansa mai zuma. Sai Sheraly ɗan marigayin, da ya kamata a ce yana tsaye yana gaishe da baƙi. Sai Kubat. Dukansu sun jima."

"Wa ya riga dawowa?"

"Ban riƙe ba. Na dai san ɓarayi ba na ɗaki kaɗai ba ne yau. Na ajiye kitsen haƙarƙari a nan zan ba surukata, na juya, an yanki rabi."

"Karnuka."

"Karen da yake yanka da wuƙa? To su ma sun gudu sun bar ni, ban san abin da suka samu can ba." Ta nuna Talantbek da wuƙar. "Kai kuma, ƙanena, kai ka jawo. Ka tsaya a gaban maza kana cewa za ka bar akwatinka a bakin idon ruwa har bazara. Tanti ana naɗe shi a tafi, wanda ya riga zuwa baɗi ya kafa nasa. Kai ka zo da abin da ba ya naɗuwa. Ka ɗauka kowa ya ji daɗi?"

*

Sheraly ya ce itace ya je ɗaukowa.

"Ina itacen?"

"An ƙona."

"Buɗe bayan motar."

Saurayin ya waiga wajen tantin da liman yake zaune. Ya buɗe kaɗan. Ƙarƙashin bargo kwalaben giya ne a jere.

"Abokan mahaifina ne suka matsa min, baike. Sun ce shi ma da yana raye da ya sha. Don Allah kada uwata ta ji."

"Wa ya gan ka a shago?"

"Babu kowa. Ta bayan gida aka miƙo min."

Ulukbek yana goge jinin bakinsa. Ya ce iska ce ta tashi, ya je ya ɗora duwatsu a kan amyoyinsa.

"Ƙwallon motarsa ya fi bakin ɗakina girma," in ji Talantbek. "Na Amurka haka suke. Da tawa ta lalace mun gwada, bakin bai rufe ba."

"Nasa cirewa ake yi a sa wani!" wani ya yi ihu daga baya. "Fil ɗaya ne ke riƙe da shi. Ku duba cikin motarsa!"

"Gaskiya ne ana cirewa," in ji Ulukbek. "Ku duba. Idan kun gama ku duba aljihuna, wataƙila na naɗe ɗakin na saka."

Kubat yana taya mata kwashe kwanuka. Ɗan ƙanin mahaifin Talantbek ne, mutum mai shiru, mai garken goɗiyoyi. Ya goge hannu ya gaishe da Toktosun da hannu biyu.

"Goɗiyoyina na je dubawa, baike. Ɗaya tana ɗingishi."

"A mota? Doki bai fi sauƙi ba?"

"Gwiwata ta fara irin taka."

"Allah ya sawwaƙe. Ka ga wani a hanya?"

"Ƙura na hango wajen kwalta. Ban kula ba."

Da suka matsa, Talantbek ya kama hannun Toktosun.

"Muna ɓata lokaci. Kubat ɗan uwana ne. Shi ya taya ni daidaita ɗakin ranar da na kawo shi. Duk tudun nan shi kaɗai ne bai taɓa yi min dariya ba. Zama yake yi yana kallona ina aiki, yana tambaya."

"Kafin ka kawo ɗakin, tantin wa ake kafawa a bakin idon ruwan?"

"Na mahaifinsa. Amma bana sun makara da hawowa."

Iska ta juya. Farin abu ɗaya ya sauka a hannun rigar Toktosun ya narke. Ya dubi layin motoci. Karnuka uku suna cunkushe a bayan ɗaya, suna ture juna.

*

Aka jera motocin uku a gaban babban tanti, bayansu yana fuskantar jama'a. Rana ta faɗa bayan dutse, sanyi ya fara cizo. Mederbek aksakal ya zauna a kan sirdi, maza suka tsaya, mata suka leƙo daga ƙofar tanti.

"Wanda ya ja ɗakin nan ya san aikinsa," in ji Toktosun. "Ya wanke ƙwallon motarsa da fetur, ya goge shi har fenti ya fita, don bakin ɗakin ya kama. Na ga wurin. Da ya dawo sai ya ga ƙwallon yana ƙyalli, kuma a tudun nan mutum ɗaya ne ƙwallonsa yake ƙyalli. Dole ya sake shafe shi kafin a gani."

Ya cire gwangwanin da ke bayan motar Ulukbek. Baƙin giris ne na shago, ya haɗu da ƙura ya zama kamar kwalta. "Wannan tun bazara." An riga an zazzage motar, ba a sami wani ƙwallon ba.

Ya zare safar da ke kan na Sheraly. Kitsen tunkiya ne, sanyi ya daskarar da shi fari fat, da tsakuwa maƙale a jiki. Ya ƙwanƙwasa shi da farce, ya ɓare kamar kyandir.

Ya kori karnuka daga motar Kubat. Sun riga sun yage safar. Ya sa yatsa ya dangwalo abin da ya rage a wuyan ƙwallon, ya kai gaban dattijon.

"Aksakal, kai ka fi ni sanin nama. Mene ne wannan?"

Dattijon ya murza shi tsakanin yatsunsa. Rawaya ne, mai laushi, yana narkewa. Ya sansana.

"Kitsen doki."

"Na tunkiya yana daskarewa da sanyi. Na doki ba ya yi. Kuma doki ɗaya aka yanka a tudun nan tun hawowarmu, yau da safe."

"Kitsena!" in ji Anarkul daga baya.

Toktosun ya goge ƙwallon da gefen rigarsa. Farin ƙarfe ya fito, da sababbin zane na guga.

Kubat ya sa hannuwa a aljihu.

"Ƙwallona ne. Na ga tsatsa na goge, na shafa abin da na samu. Yanzu laifi ne mutum ya gyara motarsa?"

"Ba laifi ba ne. Ina ɗakin?"

"Ban sani ba."

"Kubat," in ji dattijon.

"Na ce ban sani ba, aksakal. Wanda ya ɗauke shi dai bai yi wa kowa asara ba. Kakana ne ya gyara idon ruwan nan da hannunsa. Mutum ya tafi Jamus ya dawo, ya kafa ƙarfe a kai, ya ce har abada. Idan bazara ta yi wataƙila ya ga kayansa lafiya lau. Ƙarfe ba ya jin sanyi."

Talantbek ya yi tsalle, maza biyu suka riƙe shi. Toktosun ya fito da guntun igiyar daga aljihu, ya matsa kusa har kafaɗarsu ta kusa haɗuwa. Bai ɗaga murya ba, amma kowa ya ji.

"Ka leƙa ciki kafin ka ɗaure ƙofar?"

"Me zan..." Kubat ya tsaya.

"Kalicha apa ta koma gida da rana. Tana barci a gadon baya, ba ta ji. Ita ka ja."

Wata mata ta yi salati. Kubat ya dubi Talantbek, ya dubi tantin mata kamar zai gan ta a ƙofa. Fuskarsa ta canza.

"Na gan ta a nan. Da idona na gan ta tana addu'a."

"Da safe."

"Labulen a rufe yake." Ya fitar da hannuwansa daga aljihu. "Na kashe tukunyar gas ta abin ɗumama ɗakin. Ta waje. Talantbek ne ya ce ba a tafiya da ita a kunne. Shi ya koya min."

"Ina?"

"Rumbun Kyzyl-Jar. Bayan mashigar."

Dusar ta fara sauka sosai.

*

Motar Ulukbek ce ta fi ƙarfi. Bai jira a roƙe shi ba, ya tayar. Kubat ya zauna a gaba yana nuna hanya, Talantbek da Toktosun a baya, Anarkul ta cusa musu bargo da butar shayi ta taga. Suka haura mashigar. A saman, tayoyi suka fara zamewa. Ulukbek ya rage gudu, Talantbek ya daki bayan kujera, Ulukbek bai ƙara ba.

Sun isa da sauran ɗan haske. Ɗakin yana cikin rumbun da rabin rufinsa ya zube. An ajiye shi daidai, an sauke ƙafafunsa huɗu, an sa duwatsu a tayoyi. Igiyar tana ɗaure a ƙofa, amma ta yi sako-sako, kamar an daɗe ana tura ta daga ciki.

Toktosun ya yanke ta.

Kalicha apa tana zaune a ƙasa a bayan ƙofar, ta naɗe kanta da bargo da labulen taga, sandarta a kan cinya. Leɓunanta sun yi shuɗi, kuma ba ta rawar sanyi. Talantbek ya ɗauke ta ya kai mota, suka rufe ta, suka riƙa ɗiga mata shayi. Sun jima kafin jikinta ya fara karkarwa. Toktosun ya ce wannan alama ce mai kyau.

Ta buɗe ido ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ta tsaya a kan Kubat, wanda yake tsaye a waje dusa tana taruwa a kan hularsa. Ta yi magana da ƙarfi, kamar yadda marasa ji suke yi.

"Na gan ka ta taga lokacin da kake sa duwatsu. Na buga gilashi. Ba ka ɗago ba."

Kubat ya buɗe baki.

"Kada ka wahalar da kanka," ta ce. "Ba na ji."

Ba su iya jawo ɗakin ba. Da ƙyar motar ta sauko da su, kuma kafin gari ya waye hanya ta rufe. Kalicha apa ta yi jinyar ciwon huhu a asibitin gunduma, ta warke, amma likita ya ce ta gama hawa tudu. Dattawa sun yanke wa Kubat abin da suka yanke, sun kuma aika wa Ulukbek da rago, ya karɓa.

Da bazara ta yi, Talantbek bai hau ba. Kubat ya riga kowa isa Ak-Bulak. Ya tsaya da kayansa a bakin idon ruwan, wurin babu kowa, sannan ya wuce ya kafa tantinsa can ƙasa, inda ake ɗibar ruwa a rafi.